Shin Kamfanin Layi Ya San Ka Kunna Hotsifot?

Ka kunna hotsifot a wayarka, ka jona kwamfuta, aiki ya ci gaba. A wurinka babu abin da ya canja: layinka ne, datarka ce, da kuɗinka ka saya. To amma can wurin kamfanin da ya ba ka layin, sun san cewa yanzu ba wayar ce ke shan datar ba? In kuma sun sani, akwai wani caji na daban da suke ɗora maka?

Tambayar farko amsarta gajera ce. In suna son sani za su sani, kuma galibi ba sai sun yi gumi ba. Ta biyun ce mai tsawo, domin ta rataya ne a kan irin tsarin datar da ka saya da kuma dokar ƙasar da kake.

Da zarar ka kunna hotsifot, ko ka jona wayar da igiyar USB, ko ta Bluetooth, ta koma 'yar ƙaramar rauta, irin na'urar nan da ke rarraba intanet a ofisoshi. Adireshin intanet guda kamfani ya ba ta. Ita kuma sai ta ƙirƙiro wasu adiresoshi na cikin gida ta raba wa kwamfuta da talabijin da duk wanda ya jonu. Duk saƙon da kwamfuta za ta tura waje, wayar za ta goge adireshin cikin gidan ta sa nata, in amsa ta dawo ta miƙa wa mai ita. Wannan dabarar ake kira NAT, kuma ita ce ta sa mutane da yawa suka sakankance cewa kamfani ba ya ganin kowa sai waya, tunda komai da sunanta yake fita. Sunan kam nata ne, amma muryar ba tata ba ce. Kafin ma a kai ga sauraren murya, akwai wadda ta riga ta kai rahoto, wato ita wayar da kanta.

Ba a cika faɗar wannan ba. Mutane suna hasashen wasu injiniyoyi ne zaune a ɗaki mai sanyi suna leƙen abin da kake yi, alhali a mafi yawan lokuta wayarka ce ke ɗaga hannu ta ce ga abin da ake ciki. Kowace waya tana shiga intanet ɗin kamfani ne ta wata ƙofa da ake kira APN. Kamfanin da ke son bambance datar hotsifot sai ya buɗe ƙofa ta biyu, ya umarci wayar da ta bi da duk abin da ya fito daga wata na'ura ta can. A Android wannan ƙofar tana ɗauke da alamar "dun", sunan da aka gada tun zamanin da kwamfuta ke buga lambar tarho kafin ta shiga intanet. Ƙofa biyu, mita biyu, babu buƙatar wani bincike. Ban da wannan, wasu wayoyin Android, musamman waɗanda aka saya daga hannun kamfanin layi, sukan tambayi kamfanin tukuna ko wannan layin yana da izinin raba data, in aka ce a'a maɓallin ya ƙi kunnuwa. Ita kuwa iPhone, da ka saka mata sim take ɗaukar wani ɗan fayil na saitin kamfanin, kuma ta cikinsa kamfani zai iya ɓoye maɓallin hotsifot gaba ɗaya, ko ya sa wayar ta ce maka ka tuntuɓe su. Wayar da ka biya kuɗinta, a wannan gaɓar, maganar kamfani take ji kafin taka.

A ce wayar ba ta kai rahoto ba. Sai a koma ga wata 'yar lamba da mutane ƙalilan suka san da zamanta.

Bayanai ba a dunƙule suke tafiya a intanet ba. Ana yayyanka su ƙulli-ƙulli, kowane ƙulli da rubutu a goshinsa: daga ina, zuwa ina, da sauransu. A cikin wannan rubutu akwai lambar da ake kira TTL. Ba don kama kowa aka ƙirƙiro ta ba. Tun farkon intanet aka lura cewa in aka samu kuskure a hanya, ƙulli zai iya yin ta zagaye tsakanin rauta da rauta har abada yana cushe hanya. Sai aka ce to kowane ƙulli ya fito da wata lamba, duk rautar da ya ratsa ta rage ɗaya, in ta kai sifili a jefar da shi. Android da iPhone suna sakin ƙullinsu da 64. Haka Linux da kwamfutocin Mac. Windows kuwa da 128 take farawa.

Yanzu dubi abin da ke faruwa. Ƙullin da wayar ta haifa da kanta zai isa wurin kamfani da 64 ɗinsa cif. Wanda ya fito daga kwamfuta kuwa sai ya ratsa ta cikin wayar, ita kuma a wannan lokacin rauta ce, dole ta yi abin da kowace rauta ke yi, ta rage ɗaya. Sai ya isa da 63, ko 127 in Windows ce. Kamfani ba ya buƙatar buɗe saƙonka, ba ya buƙatar sanin shafin da ka shiga. Goshin ƙullin kawai zai duba, abin da na'urorinsa suke dubawa dama don su san inda za su tura shi. Arhar wannan hanya ce ta sa ta yi farin jini. A sabon tsarin adireshi na IPv6 an canja wa lambar suna amma aikinta bai canja ba, kuma a can sau da yawa kowace na'urar da ta jonu adireshinta na kanta take samu, wanda hakan ya ƙara sauƙaƙa ƙidaya.

Sauran hanyoyin duk na karantar ɗabi'a ne. A da, lokacin da yawancin shafuka ba a kulle suke ba, burauza takan gabatar da kanta a fili ga kowane shafi, ta ce ni Chrome ce a kan Windows, duk wanda ke kan hanya ya ji. Yau HTTPS, tsarin da ke kulle abin da ke gudana tsakanin burauza da shafi, ya rufe wannan. Sai dai sunan shafin da ake nema galibi yana nan a bayyane, kuma kwamfuta ba ta iya yin shiru. Da ta samu intanet za ta tuntuɓi wata sabar Microsoft, wato ɗaya daga cikin manyan kwamfutocin kamfanin, don ta tabbatar ta jonu, ta leƙa ko akwai sabuntawa. Layin waya da ke sauke sabuntawar Windows ai ya gama bayani. Haka na'urar wasan PlayStation, haka talabijin. Hatta yadda kowace babbar manhaja, irin su Windows da Android, ke buɗe magana da sabar da ta tuntuɓa, girman abin da take cewa za ta iya karɓa da jerin zaɓuɓɓukan da take lissafowa, ya bambanta daga wata zuwa wata, kamar yadda ake gane mutum daga irin sallamarsa tun kafin a ga fuskarsa. Wanda kuma ya cire sim ya saka a rauta ko modem, wannan ma ba sai an yi dogon nazari ba: kowace na'ura tana gabatar da lambar shaidarta, wadda ake kira IMEI, ga kamfani, kuma lambobi takwas na farko suna faɗar ƙirar na'urar.

Tunda aka fara kamawa aka fara zillewa. A 2008 wata manhaja mai suna NetShare ta bayyana a shagon Apple tana ba masu iPhone damar raba data, ba a daɗe ba aka sauke ta. A 2010 aka samu wadda ta fi ta wayo, Handy Light, wadda a ido tocila ce kawai mai canja launi, a ciki kuwa an ɓoye hanyar jona kwamfuta. Ita ma da labarin ya bazu aka cire ta. Har yau akwai masu saita kwamfutarsu ta saki ƙulli da 65 don ya isa da 64, da masu amfani da manhajojin da ke sa wayar ta sake haifar saƙon kamar nata ne. VPN, manhajar da ke kulle duk saƙon da ke fita daga na'ura, yana rufe sunayen shafuka, amma in a kan kwamfutar aka kunna shi, ƙullin da ke ɗauke da rufaffen saƙon shi ma sai ya ratsa wayar an rage masa ɗaya. Duk waɗannan dabaru sukan toshe ƙofa ɗaya su bar wata. Kuma akwai abin da babu dabarar da ke ɓoye shi, wato yawa. Ga wanda yarjejeniyarsa ta hana, yin hakan saɓa yarjejeniya ne, kuma kamfani na iya canja masa tsari ko ya rufe layin.

To, sun gani. Me ya sa ganin zai dame su?

Tarihin Amurka ya fi ko'ina fito da abin a fili, domin can aka fi kai ruwa rana. Apple ya saka damar jona kwamfuta a iPhone tun 2009, amma AT&T, kamfanin layin da shi kaɗai aka ba damar ɗora wayar a kan layinsa a ƙasar a lokacin, bai buɗe ta ba sai a watan Yunin 2010. Da ya buɗe, sharaɗin shi ne ka kasance a tsarin gigabait 2 na dala 25 a wata, sannan ka ƙara dala 20 don jona kwamfuta, ba tare da an ƙara maka ko megabait ɗaya ba. Dala 20 kuɗin izini ne kawai na ka sha datar da ka riga ka biya ta wata na'ura. Sai daga baya aka haɗa da ƙarin gigabait 2. A watan Maris na 2011 kamfanin ya fara aika wa masu raba data a ɓoye saƙo cewa ya gan su, ko su daina ko ya mayar da su tsarin dala 45.

Verizon ma, wani babban kamfanin layi na ƙasar, dala 20 yake karɓa a lokacin, har ya nemi a ɓoye wa masu layinsa manhajojin raba data a shagon Android. Nan ya taka sawun ɓarawo. A gwanjon da aka yi a 2008 ya sayi wani yanki na zangon iskar sadarwa na megahaz 700 wanda aka gindaya masa sharaɗi, bisa matsin lambar Google, cewa duk wanda ya saya ba zai hana mutane amfani da na'ura ko manhajar da suka ga dama ba. A ƙarshen Yulin 2012 hukumar sadarwa ta ƙasar, FCC, ta sa ya biya dala miliyan 1.25, ya kuma janye hanin. Abin lura a wannan sasantawa shi ne inda aka ja layi. Masu tsarin da ake auna musu data suka samu damar raba ta ba tare da ƙarin ko sisi ba. Masu tsarin "mara iyaka" kuwa aka bar kamfani ya ci gaba da cajinsu.

A ganina duk maganar a kan wannan layin take. In ka sayi gigabait 10, kamfani ya riga ya san iyakar nauyin da za ka ɗora masa. Ko waya ce ta sha, ko kwamfuta, ko ka raba wa mutum biyar, goma ce dai ba za ta haihu ba. Eriyar kamfani ba ta jin bambancin nauyi tsakanin bait ɗin waya da na kwamfuta. Karɓar wani kuɗi a nan sayar da abu ɗaya sau biyu ne, kamar mai gidan mai ya sayar maka da lita goma sannan ya ce in a janareta za ka zuba maimakon mota sai ka ƙara. Shi ya sa a inda aka fi sayar da data a aune, yawancin kamfanoni ba su damu da hotsifot ba sam. Hasali ma murna suke yi, tunda datar za ta ƙare da wuri ka dawo ka sake saye.

Tsarin mara iyaka lissafinsa daban ne. Kamfanin da ya ce maka sha iya shanka bai faɗi haka don karamci ba. Ya yi lissafi ne cewa mutum da waya akwai inda zai tsaya: fuskar wayar ƙarama ce, batir yana ƙarewa, ido yana gajiya, mai ita yana barci. A kan wannan matsakaicin aka yanka farashi. Da ka jona talabijin da kwamfutoci biyu, lissafin ya rushe. Netflix kaɗai yana iya cin kusan gigabait 3 a awa ɗaya a hoto mai kyau, ya kai 7 in hoton 4K ne. Kuma ƙarfin kowace eriya rabawa ake yi tsakanin duk waɗanda ke ƙarƙashinta a wannan lokacin, abin da ɗaya ya kwasa an rage wa saura. A watan Agustan 2015 shugaban T-Mobile na Amurka a lokacin, John Legere, ya fito ya yi kaca-kaca da wasu 'yan tsiraru da ya ce suna ɓoye hotsifot ɗinsu don su tsallake iyakar gigabait 7 da aka ware masa, har wasunsu suna shan terabait 2 a wata, wato gigabait dubu biyu. Ko mai adawa da kamfanonin waya zai yarda cewa ba wannan aka yi ciniki a kai ba.

Sai dai akwai dalili na biyu da ba a cika ɗaga murya a kansa ba. Kamfanonin nan su ne kuma ke sayar da intanet na gida da layukan modem, kowanne da kuɗinsa. In layin waya guda zai wadatar da gida gaba ɗaya, wa zai sayi waɗancan? Cunkoson eriya gaskiya ne, kare kasuwa ma gaskiya ne, kuma kamfani ya fi son a yi ta maganar na farkon. Ni laifin da nake gani ba a sa iyakar yake ba, a sunan yake. An rubuta "mara iyaka" da manyan baƙaƙe, aka tura iyakar can ƙasa inda sai mai tabarau zai gani.

Turai ta bi wata hanyar. Dokar Tarayyar Turai ta buɗaɗɗen intanet, wadda aka zartar a 2015 ta fara aiki a ƙarshen Afrilun 2016, ta ba mai layi 'yancin amfani da na'urar da ya zaɓa. Ƙungiyar hukumomin sadarwa na ƙasashen tarayyar, BEREC, a jagorar da ta fitar a 2016 ta ce hana raba data abu ne da ake ganin ya saɓa wa wannan 'yanci. A ranar 2 ga Satumban 2021 kotun tarayyar ta yanke hukunci a kan wani tsarin Vodafone na Jamus, wanda a cikinsa wasu zaɓaɓɓun manhajoji ba sa cin data in a waya aka buɗe su, amma suna ci in ta hotsifot ne. Kotun ba ta tsaya kan hotsifot ɗin kawai ba, ta ce shi kansa tsarin fifita wasu manhajoji ya saɓa doka. A Birtaniya, binciken da hukumar sadarwa ta ƙasar, Ofcom, ta buɗe a 2018 ya sa kamfanin Three ya janye takunkumin da ya sa wa raba data. A Rasha, inda cajin raba data da kamun TTL suka zama ruwan dare, hukumar hana babakere ta ƙasar ta gargaɗi manyan kamfanoni huɗu a 2023 da su soke kuɗin. Amurka kuwa dokarta ta daidaiton intanet, wadda ke hana kamfanin layi fifita wasu shafuka a kan wasu, ta sha juyi: an kafa a 2015, an soke a 2017, an dawo da ita a 2024, wata kotun ɗaukaka ƙara ta rushe ta a Janairun 2025. Abin da ya zama al'ada a can shi ne tsarin mara iyaka ya zo da wani kaso na hotsifot daban, in ya ƙare a shaƙe gudun zuwa kilobit 600 a daƙiƙa, wani wurin ma 128, gudun da da ƙyar yake buɗe shafi.

Wato cajin yau ba lallai ya zo da sunan caji ba. Wani wurin kaso ne daban, wani wurin rage gudu, wani wurin kuma garaɓasar da aka ba ka, ko datar da aka keɓe wa wasu manhajoji, ita ce ba ta bin ka zuwa kwamfuta, sai a riƙa cira daga babbar datarka ba ka ankara ba. Duk waɗannan a rubuce suke a sharuɗɗan tsarin, yawanci ƙarƙashin abin da suke kira amfani bisa adalci.

Saura ƙorafin da aka fi ji, cewa hotsifot yana zuƙe data, don haka lallai kamfani yana ninka caji a ɓoye. Mafi yawan lokuta ɓarawon a cikin gida yake. Kwamfuta ba ta san waya ce ta ba ta intanet ba. Wi-Fi ta gani, ita kuma a saninta Wi-Fi na gida ne wanda ba a aunawa. Sai ta saki jiki: ta fara sauke sabuntawar da ta daɗe tana jira, wadda kan kai gigabait da yawa, ta tura hotuna da fayiloli ma'ajiyar intanet, YouTube ya ga babban allo ya ɗaga ingancin hoto da kansa. Shafukan da ake buɗewa a kwamfuta ma sun fi na waya nauyi. Ko wata wayar ce ta jonu, duk abin da mai ita ya saita cewa kada ya sauka sai an samu Wi-Fi, to ga Wi-Fi ya samu. Wayoyin Android sukan raɗa wa junansu cewa wannan hanyar a aune take, amma ba kowace na'ura ke jin raɗar ba. A Windows akwai wurin da za ka shiga saitin wannan Wi-Fi ɗin ka shaida mata cewa ana auna shi, a na'urorin Apple kuma akwai yanayin tsimin data. Ka kunna shi kafin ka jona, sannan ka gwada lissafin da wayarka ta nuna na abin da hotsifot ya ci da wanda kamfani ya cire. In sun yi daidai, bait da bait aka caje ka. In na kamfani ya zarce da nisa, ko gudun ya faɗi daidai lokacin da kwamfuta ta jonu ya kuma dawo da ka cire ta, to an gan ka, kuma akwai wani sharaɗi a tsarinka da ya kamata ka koma ka karanta.